Goma Sha Uku da Suka Ɓace a Hanyar Runka

Har yau in na tuna maganar nan sai in ji wuyana ya ɗauki zafi, ni da sana'ata sanyaya abu ce. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina gyaran firji da injin sanyaya ɗaki. Na zauna Fatakwal, na zauna Legas, na leƙa Kwatano, na yi wata tara a Agadas, har Jidda na je na sha zafin da ya sa na daina zagin bazarar Batsari. Ko'ina aikin ɗaya ne, ka kwashe zafi daga inda ba a son shi ka zubar a waje. Da gwiwoyi suka fara yi mani gardama sai na tattaro na dawo gida, na kafa 'yar rumfa kusa da tasha ina lallaɓa firjin masu ƙanƙara da na masu zoɓo.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, direban a-kori-kura. Motar tashi ta girmi babbar ɗiyarshi, ƙofar gefen fasinja da igiya ake rufe ta, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Katsina, Batsari, Runka, ya juyo. Lokacin da hanyar ta ɓaci da masu daji, direbobi da yawa suka sauya layi, shi bai sauya ba. Sai dai ya fita da wuri, ya tabbata la'asar ta same shi kusa da gida. Rabin abin da ke bayan motar nan ba kayan fasinja ba ne, saƙo ne. Maganin hawan jinin wata tsohuwa, wayar da aka kai gyara, ƙullin daddawa zuwa ga ɗiyar da ke aure a birni, buhun gero. Ba ya rubutawa, bai kuma taɓa kai na wani gidan wani ba. Mata su miƙo mashi buhu baki buɗe, ko an ɗan murɗe da tsumma, su juya su yi tafiyarsu.

Aibinshi ɗaya, tsantseni ya yi mashi yawa. Mutum ne da zai ɗaure buhun masara kamar mai ɗaurin karaya, ya ja baya ya duba, ya dawo ya ƙara igiya. Tun muna yara nake ce mashi ɓarawon awaki, saboda wata akuyar kakarmu da ya taɓa ɓoyewa a rumbu don kar a yanka ta. Shi kuma ya ce mani bawan gidansu mai sayar da sanyi. Haka muke gaisawa ko a gaban surukai.

Rannan, tsakiyar bazara, ina tsugune bayan wani firji sai na ga ƙafafunshi a bakin rumfa. Ban ko ɗago ba na ce, "A'a, ɓarawon awaki, yau garken wa aka shiga?"

Na ɗago. Ya zauna bisa benci, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Ashe kai ma ta iso ka."

"Me ya iso ni?"

Sai da na miƙa mashi ruwan sanyi ya sha, na zauna kusa da shi, sannan maganar ta fito guntu-guntu.

A Runka akwai wani mai walda. Gwani ne, ba zan hana mashi wannan ba ko ina cikin fushi. Da yake wuta ba zuwa take ba, da iska yake aiki, doguwar tukunyar oksijin mai kusan tsayin mutum. Shi ke liƙa garmar shanu da salansar babur da lagireton mota. Wanda ya saba kawo mashi tukunyar daga Katsina ya bar hanyar, shi ne ya roƙi taubashina. A wurin da ake cikawa kuwa, in sun cika sai su duba agogon awo, su rubuta lambar da alli a jikin tukunyar. Tana kwance a rana suka auna, suka rubuta ɗari da hamsin.

Taubashina ya tarar da ita kwance a fili, rana ta gasa ta tun safe. Ya kai hannu zai ɗaga, ya janye ba shiri. Ya ce mani, "Wallahi da ka fasa ƙwai a kai sai ya soyu." Ga shi zai ɗauko mata huɗu da goyo a baya, ga labaran fashewar tukunyar gas ɗin girki da yake ji a rediyo. Sai ya yi abin da kowane ɗan ƙasar nan ke yi wa jarkar ruwanshi in zai wuni a gona. Ya samo buhunan algarara uku, ya jiƙa su sharkaf, ya naɗe tukunyar tun daga wuya har gindi, ya ɗaure. A Batsari matan suka sauka, ya ƙara mata ruwa. Da ya wuce, wajen wani famfon tuƙa-tuƙa da ke bakin hanya kafin Runka, ya ga buhun ya fara bushewa. Ba fasinja ko ɗaya a motar, amma ka san mutumin, sai da ya tsaya ya hau baya ya kwarara mata jarka guda.

Ya isa, aka sauke, aka kwance buhu. Mai walda ya ɗaura agogonshi ya buɗe. Allura ta tashi ta tsaya a ɗari da talatin da bakwai. Ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ba ta motsa ba. Ya shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar ko tana yoyo, ba kumfa ko ɗaya. Sai ya miƙe, a gaban masu jiran gyara da masu shan inuwa, ya nuna allin, ya nuna agogon, ya ce, "Malam direba, ina goma sha ukun?"

"Goma sha ukun me?"

"Iska. An buɗe tukunyar nan a hanya."

Taubashina ya rantse. Ana cikin haka wani ɗan acaɓa ya ce ai shi ya gan shi da idonshi, a tsaye wajen famfo, shi kaɗai, ya hau baya ya duƙa a kan tukunyar. Kuma gaskiya ya faɗa, ya gan shi. Abin da ya fi ci mani rai ke nan, ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Alli bai yi ƙarya ba, agogo bai yi ba, ɗan acaɓa bai yi ba. Aka haɗa gaskiya uku aka ɗora wa bawan Allah sata.

Da a ce satar ce kaɗai da da sauƙi. Sai wani ya jefo tambaya: to wa ke sayen iskar walda a tsakiyar hanya? Ba wanda ya amsa. Ba sai an amsa ba. Kowa ya san su wa ke da baburan da ba a kawowa gari gyara. A yankinmu yanzu irin wannan tambayar ba wasa ba ce, in ta shiga kunnen da bai kamata ba, ba a tsayawa jin ta bakinka.

"Jiya," in ji taubashina, "ƙawar Inna ta kawo gero in kai wa jikarta. An ɗinke bakin buhun da jan zare. Ɗinki ƙanana-ƙanana, irin wanda in an taɓa za a gane. Yau uku suka zo haka."

Wannan tsohuwa ta goya shi. A gabanta ya yi rarrafe. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba, na buga kaina da rufin rumfa, na zauna. Na ce, "Shekara nawa kana ratsa hanyar nan da ranka a hannu kana kai masu magani? Su waye suka rage a layin? Kai da wa?"

Ya ce, "Ni duk ba wannan ba. Ina iskar ta tafi? Ban buɗe ba, amma agogon na gani da idona. Kwana huɗu ke nan ina tunani ko na buge bakin da igiya."

Wato har ya fara tuhumar kanshi. Na ce, "Maimaita mani zancen buhun nan. Sau nawa ka jiƙa?"

"Uku."

"Da aka kwance, ka taɓa ƙarfen?"

"Sanyi ƙalau, kamar randa."

Na yago bayan wani kwali na ɗauki biro. Lissafi ne da na koya tun ina makarantar koyon sana'a, na kuma ci abinci da shi a garuruwa biyar. Tukunya ƙarfe ce, ba ta kumbura ba ta motsewa. Iskar da ke ciki, yawanta na nan, ɗakinta na nan. In ka zare mata zafi ba ta da wurin da za ta rage sai ƙarfin turinta, shi kuwa agogo turi yake aunawa, ba yawa ba. Ƙarfen da ya wuni a rana har hannu ba ya zama a kai, na sha aunawa, digiri hamsin ne ko kusa. A irin wannan lissafi ana fara ƙirga zafi daga can ƙasa inda babu sauran zafi sam, don haka sai ka ƙara ɗari biyu da saba'in da uku, ya zama ɗari uku da ashirin da uku. Allura ta sauko daga ɗari da hamsin zuwa ɗari da talatin da bakwai. Na rage zafin da wannan gwargwado, ya ba ni ɗari biyu da casa'in da biyar. Na cire abin da na ƙara, saura ashirin da biyu. Digiri ashirin da biyu. Daidai sanyin randa.

Na sake bi ta wata hanya don kar in je in ji kunya. Iskar da ke cikin tukunya mai wannan girma, kowane digiri ɗaya da za ta sauka sai an zare mata zafi kusan kilojul shida, ma'aunin yawan zafi ke nan. Digiri ashirin da takwas ke nan ta sauka, wato ɗari da sittin da wani abu. Zafin da zai tafasa rabin lita na ruwa ne, shayi kofi biyu. Ko ka haɗa da na ƙarfen kanshi, ruwa rabin lita in ya bushe a jikin buhu ya isa ya kwashe shi. Shi kuwa wannan bawan Allah jarka-jarka ya yi ta zubawa, ga iskar hanya tana fifita mashi kyauta.

Na ce, "Tashi. Ba a saci komai ba. Kai ne ka yi wa tukunya firji."

Ya karɓi kwalin ya juya shi sama da ƙasa. "Wannan zan kai masu?"

"Ni zan kai. Gobe tare za mu."

Washegari da hantsi muna Runka, ina riƙe da igiyar ƙofa da hannu ɗaya, ma'aunin zafina a aljihu. Muka tarar da mai walda a rumfarshi, tukunyar na jingine a lungu cikin inuwa. Bai taɓa ta ba tun rannan, ya ajiye ta shaida, yana lallaɓa ragowar tsohuwar. Muka gaisa, gaisuwa doguwa, lafiyar gida, lafiyar iyali, ya zafi, ya haƙuri da zamani, kowa na kallon gefe. Mutane suka fara taruwa. Cikinsu akwai wani malamin Islamiyya, dattijo mai farin gemu, ya kawo kekenshi a liƙa mashi.

Mai walda ya ce, "Injiniyan sanyi da kanshi. An ɗauko lauya ke nan."

Na ce, "Lauya kuɗi yake ci, ni zoɓo kawai za ka saya mani in an gama. Oga, ɗaura agogonka a tukunyar nan."

"Na ɗaura rannan, kowa ya gani."

"Ƙara ɗaurawa. Agogon ba ya gajiya."

Kafin ya ɗaura na manna ma'aunina a jikin ƙarfen, ya nuna talatin da biyar. Na yi ɗan lissafi a tafin hannu, na rubuta lamba a takarda, na naɗe, na miƙa wa dattijon. Na ce, "Allah gafarta malam, riƙe mani wannan."

Aka buɗe. Allura ta tsaya a ɗari da arba'in da uku. Malam ya warware takarda ya karanta a fili: ɗari da arba'in da uku.

Mai walda ya ƙwanƙwasa gilashi. Sai wani daga baya, wallahi ba zan manta muryar ba, ya ce, "To ai an dawo da shida ke nan."

Na juya na ce, "Wa ya dawo da ita? A cikin me? A ƙwarya ya auno ya zo ya ɗura? Tukunyar nan kwana biyar tana kulle a rumfar mai ita. Ko shi ogan kuke zargi yanzu?"

Aka yi dariya, amma ni ba dariya nake ba. Na ce a fito da ita rana. Mutum uku suka mirgino ta suka kwantar a fili, agogon na jikinta. Na sake rubuta lamba na ba malam. Muka koma gindin bishiyar bedi muka zauna.

Jira ne mai tsawo, sai na yi ƙoƙarin yi masu bayani. Na ce, "Ku ɗauka an zuba awaki goma a bayan motar wannan mutumin an rufe. Rana ta buɗe, zafi ya dame su, kowace na tunkuyin bodi, mota har girgiza take. Hadari ya taso, iska mai sanyi ta kaɗa, suka lafa suka kwanta. Wanda ke waje yana sauraron bugun bodi sai ya ce an sace uku. Leƙa ka ƙirga, goma ne."

Mai walda ya ce, "Awaki daban, iska daban. Shekara sha takwas ina wannan aiki, ban taɓa ganin an kawo mani tukunya ta sauka haka ba."

"Shekara sha takwas wa ya taɓa jiƙa mata buhu?"

Mai walda ya ce, "To wa ya aike shi? Na ce ya kawo mani tukunya, ban ce ya yi mata wanka ba."

A nan ne na kusa ɓata taron. Na ce, "Mata huɗu da jarirai ya ɗauko a baya. Ya ji tsoron kar ta tashi da su. Ko da tsoron nashi ya wuce kima, laifi ne? Wancan mai kawo maka da, jefa ta yake a baya tsirara rana na dukanta, ta iso da zafi allura na sama, ka ce mai amana. Wannan ya kula da ita kamar mai jego, ka ce ɓarawo. Wato a garin nan in mutum na son sunanshi ya tsira sai ya yi sakaci?"

Malam ya ɗaga hannu. "A hankali, ɗana. Allurar dai muke jira, ita ba ta da ɗan'uwa a nan."

Duk wannan abu taubashina na zaune can gefe bisa tayar mota, yana ta murza hularshi. Lokaci-lokaci wani ya tashi ya je ya leƙo agogon ya dawo da labari. Arba'in da biyar. Arba'in da bakwai. Wani tsoho ya ce shi dai a matsar da ita nesa da kekenshi. Aka kira azahar, muka je muka yi, muka dawo. Na taɓa ƙarfen, hannu ba ya zama. Ma'aunina ya ce hamsin saura kaɗan. Allura tana zaune a kan ɗari da hamsin, kamar mai allin ne ya ajiye ta da hannunshi. Malam ya warware takarda ta biyu, bai ma karanta ba, ya miƙa wa mai walda.

Sai malam ya ce, "Mun ga hawa. Ina son in ga sauka, don kar gobe a ce rabi muka gani."

Taubashina ya tashi ba tare da an ce mashi ba, ya ɗauko buhunan nan uku daga mota, ya jiƙa, aka mayar da tukunyar inuwa, ya naɗe ta yadda ya yi rannan, har da ƙarin igiyar. Mutum biyu suka kama fifita da kwali. Kowa na kallo, ba wanda ya taɓa bakin tukunya, allura ta fara zamewa a hankali. Lokacin da ya kamata mu kama hanya tana ɗari da arba'in da ɗaya, tana kan sauka. Na ce masu kwali ba zai yi aikin iskar mota mai gudu ba, wanda ke son ganin sauran huɗun ya hau baya mu tafi Batsari tare. Ba wanda ya hau.

Mai walda ya share zufa, ya matso kusa da taubashina ya kama hannun rigarshi, ya ja shi bayan rumfa. Na bi su. Na tarar yana magana ƙasa-ƙasa, wai a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne, a bar maganar a nan.

Na ce, "A'a, Oga. Ba a nan ka faɗa ba. A can ka faɗa, a tsaye, da yatsa. Can za ka koma."

Ya ce, "Ni fa ban ce ya sata ba. Tambaya na yi."

Kun ji fa. Tambaya ya yi. Kwana biyar mutum bai ci abincin kirki ba, matarshi ta daina zuwa rijiya sai an watse, ana ɗinke mashi buhu kamar baƙon da ba a san asalinshi ba, ana raɗa sunanshi tare da na mutanen da ko ambatonsu ba a so, shi kuwa tambaya kawai ya yi. Na buɗe baki, Allah ya taimake ni malam ya leƙo kafin abin da ke bakina ya fito. Ya ce, "Malam mai walda, tambayar da aka yi a gaban jama'a, a gaban jama'a ake ba ta amsa. Zo."

Ya fito. Ya faɗa. Ya ce tukunya cike take, direba bai taɓa komai ba, shi ne bai sani ba. Muryar da ya yi zargi da ita an ce har bakin kasuwa ana ji. Wannan kuwa sai da na baya suka ce, "Me ya ce?" Malam ya sa shi ya maimaita.

A hanyar dawowa na yi ta surutu, ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Taubashina yana tuƙi kawai. Can ya ce, "Mutum nawa ka gani a wurin?"

"Za su kai ashirin."

"Ɗan acaɓan nan yana ciki?"

Ba ya ciki. Waɗanda suka kai maganar garin Babban Duhu da ƙauyukan gefe ma ba sa ciki. Zargi jimla ɗaya ne, ko a kan babur kana iya jefa wa mutum ka wuce. Amsar kuwa sai an zauna, sai an kawo buhu da awaki da ɗari biyu da saba'in da uku. Wa zai tsaya? Na yi iyakar ƙoƙarina. Duk wanda ya shigo rumfata da firji sai ya sha bayani kafin in taɓa mashi waya, har masu zoɓo suka fara aiko da kaya su ƙi zuwa da kansu. Malam ma, Allah ya saka mashi, ya faɗa a majalisarshi fiye da sau ɗaya. Mummunar raɗar nan ta mutu, alhamdu lillahi. Amma sati biyu bayan nan ana kawo buhu a ɗinke, ba kamar da ba, ɗaya yau, biyu jibi. Ba don sun yarda ya yi ba, in ka tambaye su. Don dai a kiyaye.

Tukunyar mai walda bai sake ɗauka ba, an roƙe shi ya ce motarshi ta tsufa. Buhunan ne ban san me zai yi da su ba, sai wata ranar kasuwa da na ga abin da idona a tashar Batsari. Yana lodi, ana miƙo kaya yana karɓa. Duk buhun da ya zo a ɗinke sai ya ajiye shi a ƙasa gefen taya, a hankali, ba faɗa, ya karɓi na gaba. Mai kaya ya yi magana, ya ce, "Yi haƙuri, motar nan ba ta ɗaukar ɗinkakke. Akwai wasu motocin." Alhali kowa ya san babu.

Sai ga tsohuwar nan, ƙawar innarshi, ta zo da buhunta na gero, jan zare a baki. Na ce a raina yau zan ga iyakar abin. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi jikoki. Ya ɗauki buhun da hannu biyu ya ajiye gefen taya.

Ta ce, "Kai, ɗan nan, ni za ka yi wa haka? Ni da na share maka majina?"

"Inna, ba ke na yi wa ba. Zaren na yi wa."

"Yo ai saboda ɓeraye na ɗinke."

"Ɓera ba ya shiga motata, Inna. Shekara nawa kina ba ni a buɗe?"

Ta dube shi, ta dubi mutanen da suka tsaya kallo, ta dube ni. Ta ce, "Kai kuma mai sanyi me kake kallo? Ba ni wuƙa." Na laluba aljihu ban samu ba. Ta ja tsaki, ta zauna bisa wani buhun, ta jawo nata tsakanin ƙafafu, ta sa haƙoranta biyun da suka rage ta tsinke ƙullin. Ta fara zare ɗinkin ɗaya bayan ɗaya tana faɗa, da mai walda da agogonshi, da ɗan acaɓa mai dogon ido, da jikarta da ba ta iya noma nata geron, da ni da ban zo da wuƙa ba. Ɗinkin ƙanana ne, ya ɗauke ta lokaci. Direba na tsaye da hula a hannu, fasinja na jira, ba wanda ya ce a yi sauri. Bayanta wani mutum ya juya baya a hankali, ya duƙa a kan nashi buhun yana tsinkar zare.

Da ta gama ta dunƙule jan zaren ta cusa a bakin zane, ta tura buhun da ƙafa. "Ga shi nan a buɗe. In ya zube a hanya kai ka sani."

Ya ɗauka ya ɗora a sama, ya murɗe bakin da tsumma, ya ja baya ya duba, ya ce wa na kusa ya miƙo mashi igiya.